Randunan Kawu a Gonar Inabi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a Riyad a tsakiyar zafi, bayan shekara talatin da wani abu yana aiki a gona guda. An yi masa salla bayan la'asar a wani babban masallaci, tare da wasu gawawwaki huɗu, sahu ya cika maƙil da mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Namu kuwa, Hausawan da suka yi shekaru suna cin inabinsa kyauta, da na waiga ban ga sun cika sahu ɗaya ba.

Zaman makoki a Batha aka yi, unguwar baƙi a tsakiyar Riyad, a ɗakin amininsa, wani tsohon tela ɗan Damagaram da nake kira Baba. Mutane sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Suna tashi daga aiki su hau matakala da ƙurar siminti a ƙafa, su yi sallama, su ɗaga hannu. Amma addu'ar gajeruwa ce, kuma ba mai yarda mu haɗa ido. Wani ya karɓi shayi ya ajiye bai kurɓa ba. Wani dattijo da Kawu ya taɓa jinya a ɗakinsa na gona wata guda cur ya girgiza kai ya ce, "Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba." Wani kuma ya matso kusa da kunnena, wai shi mai tausayi, ya ce, "Malam, da gaske a randa yake dafa ta?"

Baba tela yana zaune a bayan kekensa, kwana uku bai taka shi ba. Da ya ji wannan tambaya sai ya buga teburin da tafin hannu.

"Shekara talatin muna cin abinci a kwano ɗaya da mutumin nan," in ji shi. "Da yana sha da na ji a bakinsa. In ma ya yi ta, to masu gida suka sa shi. Bawan Allah a ƙasar mutane, in kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ya ce yi, me zai ce?"

Wannan ita ce kariya mafi kyau da Kawu ya samu a wajen makokinsa, daga bakin wanda ya fi kowa son sa. Abin da ake faɗa daga Batha har garinmu shi ne Kawu giya yake haɗawa a ɓoye, kuma a kanta ya mutu. Ƙarya ne. Na san ƙarya ne domin ni na jawo, kuma abin da ya hana ni barci tun daga ranar ke nan. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, shi ya doka, yana kwance ba ya iya cewa uffan. Shi ya sa nake rubuta wannan, ko Allah zai sa a sami mutum ɗaya da zai san Kawu yadda yake.

Gonar tana kudu da gari. Ka kama hanyar Kharj, ka sauka daga kwalta ka gangara cikin kwari, tafiyar awa guda in babu cunkoso. Tsohuwar gona ce ta wani gidan Larabawa, kakan kakansu ne ya haƙa rijiyar da ke tsakiyarta, kuma har yanzu akwai guntun hasumiyar laka da masu gadin dabino suke hawa a zamanin da. Yawancinta dabino ne. A bayan rijiya ne rumfunan inabi suke, wasu kututturen sun kai kaurin cinyar ƙato, ba wanda ya san wa ya dasa su.

Kawu ya zo gonar yana saurayi, aikinsa kwasar taki. Uwar mai gonar, wadda kowa ke kira Tsohuwa, gwiwa ta hana ta sauka ɗakin ƙasa inda take ajiye randunanta, sai ta zaɓi Kawu ya zama ƙafarta. Tana zaune a kan matakala da sanda tana nuna masa, in ya yi kuskure ta ɗana masa a ƙwauri. A bakinta ya koyi Larabci, shi ya sa har ya mutu yana magana irin ta tsofaffin mata, Larabawa suna jin sa su fashe da dariya, shi ko a jikinsa. Kafin ta rasu ta tara 'ya'yanta ta ba Kawu mabuɗin ɗakin a gabansu, ta ce kada wanda ya karɓa.

Abin da ke cikin randunan khal ne, ruwan tsamin nan da mata ke zubawa a salak. Amma in kun san na kwalba da ake sayarwa a kanti, ku manta da shi. Na Kawu da inabi iri uku ake haɗa shi: ƙanana baƙaƙe masu zaƙi, da jajaye dogaye da aka ce daga Ɗa'if aka kawo irinsu, da wani mai ɗan karen tsami da ya hau bangon rijiya wanda ko tsuntsu ba ya so. Kawu ya san yawan kowanne da ido, bai taɓa aunawa ba. Randuna bakwai ne tsofaffi, kowace da shekarunta, babbarsu ta haura shekara talatin, yana kiranta Kaka. Launinsa ja ne mai duhu kamar zoɓon da ya ji wuta. In ka ɗiga a harshe tsamin zai fara cizonka, sai zaƙi ya biyo baya a hankali, sai ƙamshin randa ya zauna maka a maƙogwaro har ka gama alwala kana jin sa. Masu gonar ba sa sayarwa. In azumi ya zo suke zuba shi a ƙananan kwalabe su aika gidajen dangi da manyan baƙi, kuma na ji ana fushi a kan wa aka ba wa aka manta.

To ga inda maganar take. Ruwan inabi in aka matse aka bar shi, ba ya zama khal kai tsaye. Sai ya tafasa da kansa, ya yi kumfa, ya zama giya, daga baya giyar ta juye ta yi tsami. Wannan hanyar ce Tsohuwa ta haramta a gonarta. Abin da ta koya wa Kawu shi ne, ranar da aka matse sai a bar ruwan ya kwana ɗaya tak dattin ya kwanta, washegari da sassafe a tace, a kwarara masa tsohon khal har tsohon ya rinjayi sabon. In aka yi haka ba zai tafasa ba, zai wuce zuwa tsami ba tare da ya ratsa ta haram ba. Kawu yana ɗibar mai yawa daga randunan bara, sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya ɗebo ludayi guda daga Kaka da bismilla. Ludayin na duma ne, daga gida ya zo da shi.

Ni direba ne a wani kamfani a unguwar Ulaya, kuma tun da na zo ƙasar nan in lokacin matsa ya faɗo ranar hutuna nakan je in taya shi. Ina tayawa ina tsokana, domin Kawu mutum ne da ake jin daɗin tsokana.

"Kawu, in dai ƙarshensa tsami ne, ina ruwanka da hanyar da ya bi?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai da kake cin abinci da tuƙi kake tambayar ina ruwan mutum da hanya? Riƙe mini ludayi, direban banza."

Yana da maganganunsa da ya maimaita har muka haddace. "Sabo ba ya zama shi kaɗai, in ba ka haɗa shi da tsoho ba Shaiɗan zai riga ka." Da wannan yake yi wa samari faɗa in sun kama ɗaki su kaɗai ba babba a ciki. In an ce ya zo wani taro ya ƙi, sai ya ce, "Randa ba ta san Juma'a ba." Ba ya zuwa gida sai cikin sanyi, shekara uku sau ɗaya. Auren 'yarsa, ita kaɗai Allah Ya bar masa bayan rasuwar matarsa, ya faɗo lokacin inabi, bai je ba, wakili ya naɗa. Na gaya masa a lokacin bai kyauta ba, har yau kuma ina ganin bai kyauta ba. Ba waliyyi nake rubutawa ba, kawuna nake rubutawa, mutum mai taurin kai wanda in ya ce a'a ko za ka mutu a gabansa a'a ce.

Amma duk Juma'ar lokacin inabi zai shigo Batha da kwali biyu a kafaɗa, waɗanda tsuntsu ya taɓa, masu gida ba sa so. Ya zauna a ƙofar shagon Baba tela yana rabawa, Bahaushe, ɗan Bangaladash, ɗan Sudan, duk wanda ya miƙo hannu. "Ci, tsuntsu ya fi ka sanin mai zaƙi." In rana ta kayar da lebura a wajen gini, Kawu ake kira. Zai jiƙa tsumma da ruwan sanyi da ɗan khal ya ɗora masa a goshi, ya zauna yana yi masa fifita yana zaginsa don me bai sha ruwa ba. Mijin 'yarsa ma shi ya kawo shi ƙasar nan, ya bi mutane da roƙo har ya sama masa aikin birkila, ko don ya biya wa 'yar abin da bai yi mata ba ranar aure. Wannan ni nake zato, shi bai faɗa ba.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske, kuma a kan giya ne. Cikin manyan da nake tuƙawa akwai wani Bature. Wata rana ya ga ƙaramar kwalbar da Kawu ya ba ni a cikin mota, ya buɗe ya shinshina, ya ɗiga a bayan hannunsa ya lasa. Sai na ga mutum ya lumshe ido har muka wuce danja biyu. Ya ce a ƙasarsu akwai tsofaffin gidaje masu gonakin inabi tun kaka da kakanni, suna haɗa jan inabi iri biyu ko uku su ajiye a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru, ba a buɗe kwalba sai ranar babban biki. Ya ce tsohon da ya haɗa wannan hannunsa irin nasu ne. Sai ya rage murya ya ce in gaya wa Kawu ya bar masa randa ɗaya kawai, kada ya zuba mata komai, ba wani aiki zai yi ba, barin ta kawai zai yi.

Ni kuma wawa, na ɗauko saƙon ina dariya na kai gona, ina ganin yabo na kawo masa. Kawu yana wanke faifan rufe randa. Ya saurare ni har na gama. Ya ajiye faifan, ya miƙo hannu ya ce in ba shi kwalbar, na ba shi, ya sa a aljihu.

"Tashi ka fita mini daga gona."

"Haba Kawu, wasa ne fa."

"Ka fita, na ce."

Wata huɗu bai ɗauki wayata ba. Sai ranar Babbar Salla na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina a unguwar Jaradiya, na buɗe na gan shi da kwanon kwaɗon zogale, ƙamshin khal ɗinsa yana tashi. Muka ci muka sha ruwa, bai tada maganar ba. Sai da ya sa takalmi zai tafi ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Shi wanda ya aiko ka ba a hana shi ba a wajensu. Kai fa?" Ya ja ƙofa ya tafi.

Wannan shi ne mutumin da ake cewa ya mutu a kan randar giya.

Wata ranar Talata bayan la'asar ɗaya daga cikin masu aikin dabino ya kira ni ya ce Kawu ya faɗi a bakin rijiya. Na same shi a asibiti, ɓarin jikinsa ya mutu, baki ya karkace. Da ya gan ni sai ya fara laluben aljihu da hannun da ke motsi. Ya ciro mabuɗin nan ya danna mini a tafi.

"Randa uku ne," in ji shi, maganar tana fita da ƙyar. "Yau na matse. Gobe da safe. Ka tace, ka zuba tsohon. Ka san yadda ake yi."

"Na sani, Kawu. Kwanta."

"Kada ya kwana biyu."

"Ba zai kwana biyu ba."

Na jefa mabuɗin a aljihun mota. Washegari likita yana nema na, ana neman iƙamarsa, wato katin izinin zama, ana neman sa hannun kafili, mudirina, shugabana a kamfani, yana kira yana cewa ina na shiga. Surukinsa ba a bar shi ya baro wajen gini ba sai yamma. Na dubi tsoho a kwance yana numfashi da ƙyar, na ce a raina, wane mahaukaci ne zai bar kawunsa a wannan hali ya yi tafiyar awa biyu don tukwane? Na ce gobe. Da yamma ya buɗe ido ya neme ni, na sunkuya.

"Ka zuba?"

Na ga yadda idonsa ke rawa. Na ce, "Na zuba, Kawu."

"Har da na Kaka?"

"Har da na Kaka. Ludayi ɗaya."

Ya ce alhamdu lillahi. Na ga kafaɗarsa ta sauka, ya yi barci mai daɗi irin wanda bai samu ba tun da aka kawo shi. Har na ji daɗin kaina, na ce na yi dabara. Washegari da azahar ya cika, hannunsa a cikin nawa. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi.

Wanda bai taɓa rasa mutum a ƙasar nan ba bai san wahalar takardu ba. Gawa tana cikin sanyi, kai kana rana, daga wannan ofis zuwa wancan, takardar kafili, takardar asibiti, takardar yardar iyali daga gida cewa a binne shi nan. Kwana tara ina wannan zirga-zirga. Wallahi tallahi randunan nan sun fita daga kaina fit, kamar ba a taɓa yin su ba. Sai da takardu suka kusa kammala Baba tela ya tuna cewa Kawu yana da likkafaninsa, ya saya tun shekarar da ya yi aikin Hajji, ya jiƙa shi da zamzam ya shanya ya ajiye a akwati. Akwatin kuwa yana ɗakin randuna, domin nan ne kawai yake da makulli.

Ni da surukinsa muka tafi da hantsi. Sai da na sa mabuɗi a ƙofa na tuna da aikin da ya bar mini. Na tura ƙofar, wari ya fito ya doke mu. Randuna ukun nan sun tafasa sun ture faifansu, jan kumfa ya gangaro ya bushe a jikinsu, ƙananan ƙudaje sun yi baƙi a kai, kana jin ruwan yana ɗan tsiyaya daga ciki.

Surukin Kawu mutumin kirki ne, mai tsoron Allah, ba na riƙe shi da komai. Ya toshe hanci ya ja da baya. "Na yi aikin gini a Sabon Gari shekara biyu," in ji shi, "na san warin nan." Ya fita da gudu ya yi amai a gindin dabino. Da ya dawo idonsa ya yi ja, ya kama ni a kafaɗa.

"Yaya, kai kana zuwa nan kullum. Ka san da wannan?"

Mabuɗin yana hannuna. Na tuna abin da ake yi wa wanda aka kama da giya a ƙasar nan, kurkuku, bulala, a sa ka a jirgi. Na tuna 'ya'yana. Bakina ya buɗe da kansa ya ce, "Ban sani ba."

Kafin mu hau kwalta ya kira matarsa yana kuka. Ita kuma ta yi kuka a tsakar gida, gida mai mutum ashirin. Magana zarar bunu ce. Kafin magariba ta dawo mana Batha ta wayar wasu, ta ƙara ƙiba.

Washegari na koma gonar ni kaɗai na sami jikan Tsohuwa, shi ke kula da wurin yanzu, matashi ne mai aikin ofis. A hannun Kawu ya girma, Ammi yake ce masa, wato baffa. Na gaya masa gaskiya duka, shi ne mutum na farko da na gaya wa. Ya yarda nan take, ai ya san aikin, yana yaro yake riƙe wa Kawu fitila. Har hawaye ya yi. Na ce to alhamdu lillahi, ya zo Batha ya faɗa wa mutanenmu da bakinsa, minti biyar kawai. Sai ya share ido ya ce ba zai yiwu ba, sunan gidansu ba zai fito a cikin maganar giya ba ko da ta wanke wani ce. Ya ce a zubar da komai yau ɗin nan.

"Ukun dai," na ce.

"Duka. Kullu."

"Bakwai ɗin nan khal ne, ka sani, kakarka ce ta fara su! Ka bar mini ko Kaka in kai wa mutane su ɗanɗana, su san abin da yake yi."

"In wani ya zo bincike ba zai tsaya ɗanɗanawa ba. Khalas, magana ta ƙare."

Na durƙusa a gabansa, ni da furfurata, na kama gefen rigarsa. Ya ɗaga ni da ladabi, ya sumbaci kaina, ya kira masu aikin dabino. Da hannuna na taya su fito da randunan, domin na kasa barin baƙi su ja su a ƙasa. Muka tuntsurar da su a ramin bayan rijiya, sabo da tsoho suka haɗu suka bi rairayi, ƙasa ta shanye. Aka farfasa randunan da guduma aka tura ƙasa a kai. Aikin shekara talatin bai ɗauki awa guda ba. Na fito da likkafani kawai a cikin leda.

Ranar uku ta makoki, bayan Baba tela ya faɗi maganarsa ta cewa masu gida ne suka sa shi, na kasa daurewa. Ɗakin ya cika, an gama addu'a ana shirin tashi. Na miƙe na ce a dakata. Na faɗi komai, mabuɗin, alƙawarin, "na zuba" da na ce masa, "ban sani ba" da na ce wa surukinsa. Na ce duk wanda yake so ya kai ni wajen hukuma ya kai ni, na yarda. Ina magana ina kuka kamar ƙaramin yaro, ban ji kunyar kowa ba.

Sai surukin ya ce a hankali, kansa a ƙasa, "Yaya, a ɗakin na tambaye ka, mu biyu, ba kowa. Ka ce ba ka sani ba."

"Tsoro na ji."

Dattijon nan da ya ce ɗan Adam tara yake ya gyaɗa kai ya ce, "Kai, jini ba ƙarya ba ne. Dubi yadda yaron nan yake son ya ɗauka a kansa." Ɗaki ya amsa da Allah sarki. Baba tela ya jawo hannuna ya zaunar da ni kusa da shi, yana bubbuga bayana.

"Ya isa, ɗana. Allah Ya yi maka albarka. Ko ni zan so in na mutu a sami mai rufa mini asiri haka."

Suka bi layi suna ba ni hannu, wasu har da runguma. Tun da na zo ƙasar nan ba a taɓa girmama ni kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

'Yarsa ba ta ɗaukar kirana. Saƙon murya ɗaya ta turo mini, muryar ta dushe. Ba ta zarge ni ba, ba ta zargi kowa ba. Cewa ta yi, "Yaya, don Allah ka tambayar mini malaman can, in na yi masa sadaka za ta kai gare shi kuwa?" Na mayar mata da saƙo tara, na bayyana mata tun daga farko. Alama ta nuna ta saurara. Har yau ba ta amsa ba.

Na sa raina a kan Inna. Na ce ita ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, shi ya goya ta, ita kuma ta haife ni ta san lokacin da nake ƙarya tun ina rarrafe. Na kira ta ranar Juma'a bayan an sauko. Ban gama gaisuwa ba ta tare ni.

"Na ji abin da ka yi a wajen zaman. An gaya mini duka."

"Inna, gaskiya ce na faɗa. Ni ne ban je ba. Ya aike ni ban je ba."

"Na sani, ɗana. Na ji daɗi. Ka rufa wa ɗan'uwana asiri, Allah Ya rufa naka duniya da lahira."

"Inna, ki saurare ni. Wallahil azim Kawu bai taɓa..."

"Kul," in ji ta. "Kada ka rantse. Ɗaya ya ishe ni kuka, kada ka sa in yi na biyu."

Na riƙe wayar har ta katse.

Ban san wanda zan ƙara gaya wa ba. Shaidar da nake da ita tana ƙarƙashin rairayi, mai shaidar ya rufe bakinsa, ni kuma na yi ƙarya sau biyu, ta uku da take gaskiya ba mai saye. In kai mai karatu ka san Kawu, ko ka taɓa cin inabinsa a ƙofar shagon tela a Batha, ina roƙonka don girman Allah ka yarda da ni, kada ka ce mini ɗan halak.

Ya Allah, babu wanda ya rage sai Kai. Kai Ka ga abin da ke cikin randunan nan a yammacin da bawanKa ya ɗora musu faifai, Ka ji abin da ya roƙe ni, Ka ji abin da na ce masa. Ka jiƙansa, Ka haskaka kabarinsa, Ka wanke sunansa a zuciyar 'yarsa tun tana da rai. Abin da ya tafasa a ɗakin nan kuwa, Ka rubuta shi a kaina.